Mu Huɗu Ne Kaka Mai Tabarma

Har yanzu in na zauna da waɗanda suka yi ƙuruciya a Nima ko Mamobi a zamaninmu, hira takan biyo ta kan Kaka Mai Tabarma. Wani ya ce shi ya taɓa ganinta a kasuwa, doguwa ce, tana dogara sanda. Wata ta ce a'a, a Kano take, daga can ake aiko da littattafan. Ni dai sai in gyara mayafina in bar su. Kaka Mai Tabarma ba ta taɓa taka kasuwa ba, don kuwa babu ita. Mu huɗu ne, kuma kafin mu namiji ne mai gemu.

Amma bari in fara daga gida.

Ina amarya aka kawo ni Akara, wadda mu muke ce wa Ankara, daga ƙasar Katsina. Maigidana tela ne, yana da keken ɗinki a wata rumfa wajen Kawukudi. Muka kama ɗaki a Nima, a gidan haya mai ɗakuna tara, bayansa yana kallon gota, babbar magudanar ruwan nan da ta raba mu da unguwar Mamobi. A ɗakin na haifi 'yar farina.

Yaran yanzu ba su san kunyar ɗan fari ba, sai an yi musu bayani. Yadda aka raine ni, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa. In ya faɗi, sai ta jira wani ya ɗaga shi. Maƙwabtanmu Kotokoli da Dagomba suna yi min dariya a kan haka, ni kuwa ban san wata hanya ba. In zan kira ta sai in ce "ke", ko in ce "yarinyar nan". Ita kuma da ta fara magana sai ta riƙa ce min Yaya, don haka ta ji ƙannen mijina suna kirana.

Tana da agwagwa. Ba saya mata aka yi ba. Wata rana ce aka tsinci 'yar agwagwa a bakin gota, keke ya taka mata ƙafa, yarinyar nan ta kwaso ta a gaban rigarta. Ta ɗebo jan zare a cikin tarkacen ɗinkin ubanta ta ɗaura mata a ƙafar hagu, wadda ta ji ciwon, wai magani ne. Agwagwa ta warke da ɗingishinta, zare kuwa in ya tsufa sai ta sake wani. Da safe in na zuba mata koko, rabi nata rabi na agwagwa. Ina gani ta ƙasan ido.

Tana shekara biyar yayar mijina ta zo daga Salaga, can arewa. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma tun ina da ciki aka yi mata alkawari. Ba ƙwace aka yi min ba, ina so a san wannan. Matar kirki ce, ta riƙe ta da kyau har ta sa ta makaranta. Ni na wanke kayan yarinyar, ni na ɗaure su. Da za su fita ta tsaya a ƙofa tana neman a tafi da agwagwa, aka ce mota ba ta ɗaukar agwagwa har Salaga, ga fiton ruwa a Yeji. Ta juyo ta kalle ni. Tsakar gida cike da mata. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsince shinkafa.

Daminar da ta biyo baya ruwa ya cika gota har ya shigo gidaje. Da ya janye babu agwagwa.

Maƙwabciyata mai koko ita ta ja ni ajin manya. Bakotokoliya ce, gajera, mai murya kamar ana kiran kasuwa, Hausarta irin ta Zango, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Ta leƙo ɗakina ta same ni zaune da rana tsaka ba na komai.

"Ei, Amarya, haka za ka zauna har ka zama kujera? Tashi mu je mu koyi a-ba-ca. In ba mu iya ba ai mun sha iska."

Bayan la'asar ake yi, a barandar wata malama a unguwar Lagos Town. Malamar ba ta girme mu ba sosai, amma in ta sa tabarau sai mu ji kamar yara. Da sileti muka fara. Na daɗe ina juya "b" da "d", hannuna ya saba da muciya, fensir ya yi masa ƙanƙanta. Cikin shekara biyu dai na iya karanta takardar asibiti da kaina, na iya rubuta abin da ke bakina, ko da layin yana hawa tudu yana gangarowa.

A bayan gidan malama akwai wani dattijo mai injin buga takardu. Katin biki yake bugawa da takardun addu'a. Shi ya fara tunanin ƙananan littattafan yara da Hausa, shafi goma sha shida, bango ruwan ƙasa, a kai an zana tsohuwa zaune a tabarma yara sun kewaye ta. Biyun farko shi ya rubuta da kansa, ya sa musu suna Kaka Mai Tabarma. Malama ta karanta ta ce masa, "Malam, wannan kakar taka wa'azi take yi. Yara za su gudu." Ya ce to ta samo masa waɗanda suka iya. Sai ta zaɓi mu uku daga ajin: ni, da mai koko, da wata Bazabarma mai sayar da atamfa wadda mijinta ya rasu. Ita malama ta huɗu.

Ba wadda ta yi tunanin a sa sunanta. Wane miji ne zai yarda sunan matarsa ya riƙa yawo hannu-hannu a tasha, ƙarshe a naɗe ƙosai da shi? Kuma malama ta ce yara sun fi son mutum ɗaya da suka sani. Ta kafa mana dokoki. Kowane labari zai fara da "Ku matso, jikokina, tabarmar ta ishe mu," ya ƙare da "Na naɗe tabarmata, kowa ya nufi gida." Ba a ambatar gari, ba a sa mutumin da aka sani. Ba a barin yaro cikin kuka a shafin ƙarshe. In mun kawo, ita za ta bi da jan fensir ta daidaita, har sai an kasa gane hannun wata daga na wata. Mai koko tana son kura da faɗa, Bazabarma tana son aljanu da 'ya'yan sarauta, ni kuwa nawa duk a tsakar gida suke ƙarewa. Bayan jan fensir sai mu zama tsohuwa ɗaya. Doka ta ƙarshe ita ce babba: ko a gida ba a faɗa wa yaro ko wace ce Kaka.

Na ji daɗin zama Kaka fiye da yadda zan iya faɗa. Kaka ba ta jin kunyar jika. Tana iya tsokanarsa, ta ce masa mijina, ta ce masa mummuna, ta rungume shi a gaban kowa. Abin da bakina bai taɓa iyawa ba, sai ga shi fensir yana yi ba wahala.

Wata rana na je karɓo sabon littafi na tarar da dattijon yana ɗaure su dami-dami da igiya. Na tambaye shi ina za su. Ya ce direbobin arewa ke tafiya da su, Kumasi, Tamale, Yendi.

"Har Salaga?" na ce.

"Har Salaga. Akwai mai shago a can da ke karɓar ashirin."

Na dawo gida ƙafata ba ta jin ƙasa. A lissafina yarinyar nan ta kai tara, ta iya karatu. Tun tafiyarta ban aika mata ko gaisuwa da bakina ba. Ubanta ke aikawa, a ce duk gida suna gaishe ta, ni ina cikin "duk gida". In rubuta mata wasiƙa kuwa, mariƙiyarta za ta ga kamar ina bin sawun abin da na bayar, mutane su ce ba ni da ta ido.

Sati uku ina rubuta labarin. Yarinya ce ta yi tafiya mai nisa ta bar agwagwarta mai ɗingishi, agwagwa kullum sai ta je ƙofar gida ta tsaya har rana ta faɗi. Kaji suna yi mata dariya, ba ta kula su. Na sa jan zare a ƙafarta, ban faɗi ko wace ƙafa ba.

Malama ta karanta, jan fensir a hannu. Ta ce, "Ina ƙarshen? Yarinyar ba ta dawo ba."

"Ba ta dawo ba tukuna."

"Kaka ba ta barin labari a tukuna. Za ta dawo ranar Sallah da tsaraba." Ta rubuta da hannunta. Sannan fensirin ya sauka kan zaren. "Wannan kuma na mene ne? Bai yi aikin komai a labarin ba."

Ban taɓa yi mata musu ba sai ranar. Na ce, "Malama, a cire komai, a bar min zaren."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.  Sannan ta wuce layin ba ta taɓa shi ba.

A bayan kowane littafi an rubuta cewa duk yaron da ke so ya rubuto wa Kaka, ga lambar akwatin gidan waya. Yara kuwa suna rubutowa. Ran Alhamis malama takan fito da wasiƙun cikin gwangwanin biskit ta raba mana bi da bi, ɗaya ke, ɗaya ke, yadda suka zo a hannunta. Kowa ta karanta tata a fili, ta tafi gida ta rubuto amsa, malama ta kwafe duka da hannunta don kada Kaka ta zama mai rubutu iri huɗu. Yawanci tambaya ɗaya ce: shekarun Kaka nawa, tana da haƙora, me ya sa kura ba ta mutu ba.

Littafin agwagwa ya fita da wata huɗu ko biyar, ran wata Alhamis, mai koko ta buɗe tata tana karantawa da yatsa, harafi-harafi yadda ta saba.

"Zuwa ga Ka-ka. Ni ma ina da a-gwa-gwa irin wannan a An-ka-ra, a Nima, bayan gota. Ni na ɗaura mata jan zare. In kin bi ta can ki duba min ko tana nan. Ki duba min ko tana zuwa ƙofa."

Sai ta karanta sunan, da sunan uban, da Salaga.

 Wasiƙar tana nan tazarar hannu ɗaya da ni, kuma ba rabona ba ce. Nawa rabon wani yaro ne daga Kumasi mai tambayar haƙora. In miƙa hannu in ce a ba ni ta 'yar farina, a gaban mutane?  Na kafa ido a kan tabarma.

Mai koko ta sani sarai. Ita ta riƙe min fitila ranar haihuwar. Ta ɗaga takardar sama tana juya ta.

"Kai, yarinyan nan ya iya rubutu! Dubi layi a miƙe. Ba irin na wasu ba, da rubutunsu ke hawa dutse kamar akuya."

Bazabarma ta ƙyalƙyale da dariya. 

"Zan ce mishi agwagwa ya shiga miya tuntuni. Da barkono. Ko ya kuka gani?"

"Ki ji tsoron Allah," in ji Bazabarma.

Mai koko ta fara murza ido. "Ao, hayaƙin nan zai kashe ni. Tun asuba ina bakin murhu, idona ba ya ganin komai. Malama, wannan rubutu ya yi ƙanana. Amarya, karɓi wannan ka ba ni na mai haƙora, shi rubutunsa manya ne kamar ƙosai."

Ta jefo min ita a cinya ba ta ko kalle ni ba. Malama ta ce ba a musayar wasiƙa. Mai koko ta ce, "To a rubuta a doka, daga sati mai zuwa."

Washegari da hantsi, bayan maigida ya fita, na zauna a bakin gado da takarda a kan faifai. Kaka takan fara amsa da sunan yaro. Na riƙe fensir na daɗe. Sunan da ban taɓa furtawa ba, ban taɓa ganin yadda yake a rubuce da hannuna ba. Harafi biyar ne. Na rubuta, na duba, na sake rubutawa a ƙasa ba don na yi kuskure ba. Ko a nan ba zan sa shi ba, wannan kunyar da ita za a binne ni.

Sai maganar agwagwa. Na san gaskiya, ruwa ya tafi da ita shekara huɗu da suka wuce. Amma yarinya tana can ƙasar da ba ta da kowa sai mariƙiya, ta tambayi abu ɗaya. Na rubuta mata cewa ni Kaka na ɗauki sandata na je har Nima, na ga agwagwa da idona, ta yi ƙiba, zaren yana nan a ƙafar hagu bai kwance ba. Na ce kullum tana zuwa ƙofa. Na ce akwai wata mata a gidan da in ta zuba koko da safe sai ta zuba ya yi yawa, ta rasa dalili. Na ce mata 'yar jikata, mummuna, mai kunnen zomo, ki ci abinci ki yi karatu.

Malama ta karanta a tsaye. Ta ce, "Kaka ba ta zuwa gidan kowa."



Amma sai ta zauna ta kwafe ta kalma-kalma, ba ta canza ko ɗigo ba. Daga ranar, duk wasiƙar da ta zo da hatimin Salaga ba ta shiga gwangwani. Sai in tarar da ita cikin littafina in na dawo gida.

Shekara huɗu muna haka. Ba kullum ba, sau uku ko huɗu a shekara, yadda mota ta samu. Ta gaya wa Kaka ranar da ta zo ta ɗaya a aji, da ranar da aka yi mata dukan da ba laifinta ba, da yadda take tsoron jirgin fito. Ta taɓa tambaya ko Kaka ta san Yayarta ta Nima, wai ita ba ta tuna fuskarta sosai, sai hannunta. Wannan wasiƙar ta kwana bakwai a ƙarƙashin matashina kafin in iya amsawa. Kuma kowane lokaci sai ta tambayi agwagwa, ni kuma in ce tana nan. Agwagwar nan ta yi tsawon rai a takarda fiye da duk agwagwar da Allah ya halitta.

Tana sha uku mariƙiyarta ta zo Ankara a duba mata ido, ta taho da ita. Kwana tara suka yi. Na ga doguwar yarinya ta shigo da ƙullin kaya a ka, ta durƙusa ta ce, "Yaya, ina wuni." Na ce, "Lafiya. An zo lafiya?" Shi ke nan abin da muka ce. Na shiga madafa na tsaya ina kallon tukunyar da ba komai a ciki.

Da yamma ubanta ya dawo, suna zaune a ƙofar ɗaki ina jin su daga ciki. Ta zagaya tsakar gida da ido ta ce, "Baba, ina agwagwata?"

Ya yi dariya. "Wace agwagwa? Mai ɗingishin nan? Ai ruwa ya tafi da ita tun shekarar da kika tafi. Ko wata shida ba ta yi ba."

Shi bai san komai ba. Ya san ina zuwa aji, ya san ina taimaka wa malama da rubutu, iyakarsa ke nan.

 Tuwon dare kaɗan yarinyar nan ta taɓa. Ni kuwa na san na rushe abin da na gina da hannuna. In ta ɗauka Kaka maƙaryaciya ce ba za ta sake rubutowa ba, kuma ba ni da wata ƙofa sai wannan.

Kwana biyu bayan haka ta same ni ina wanki a bakin famfo. Ta tsaya gefe ta ce, "Yaya, an ce a Lagos Town ake buga littafin Kaka Mai Tabarma. Ina so a kai ni in gan ta."

Mai koko tana kusa tana ɗaurayar ƙwarya. Ta ce, "Kai shi mana, Amarya. Kai ma ai ka san tsohuwan. Kullum kuna tare, kamar mutum da inuwansa." Na harare ta, ta ci gaba da waƙarta.

Muka tafi a ƙasa, ita a baya ni a gaba. Muka haye katakon gota, muka bi ta cikin masu gyaran keke. Duk tsawon hanyar ina shirya magana a raina, kalma uku ce kawai, "Ni ce Kaka," in na kawo ta bakina sai ta koma. Dattijon yana cikin shagonsa, hannu duk tawada. Ya dube ni, ya dube ta, ya gane.

"Kaka? Ayya, 'yata, kin yi rashin sa'a. Ta yi tafiya."

"Yaushe za ta dawo?"

"Tsofaffi ba sa faɗin ranar dawowa."

Ya nuna mata injin, da harufan dalma a cikin 'yan akwatunansu, da guntun katakon da aka sassaƙa hoton tsohuwa a kai. Ta karɓi katakon ta juya shi, tsohuwar a juye take, baƙa ƙirin da tawada. Ta daɗe tana kallo, ta mayar masa ta yi godiya. Muka dawo yadda muka je.

Sauran kwanakin ta riƙa bina da ido. In ina dama koko sai in ji tana tsaye a bayana. Ran nan na zuba mata a kwano, na ga ya yi yawa, na kai hannu zan rage. Ta ce, "A bar shi."

Ranar komawa na raka su tasha, wai don in riƙe wa mariƙiyarta kaya saboda idonta a ɗaure yake. Aka shigar da ita gaba kusa da direba. Yarinyar ta hau baya ta zauna a bakin katako, ni ina ƙasa, ana ta loda buhunan gishiri. Ta sunkuyo, ba ta kalle ni ba, gefen mayafina take kallo.

"Yaya."

"Na'am."

"A littafin ba a faɗi ƙafar da aka ɗaura zaren ba. Na duba sau da yawa. Ni ma ban faɗa a wasiƙa ba." Sai ta ƙara da cewa, "Kaka ta ce hagu. Kuma agwagwar ta mutu tun ba a fara littafin ba."

Masu lodi suna ihu, wata mai burodi tana tura min tire a fuska. Ga mariƙiyarta a gaba, taga a buɗe. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Tsofaffi suna da sani."

Ta gyaɗa kai a hankali. Na ga bakinta yana rawa, irin yadda yake yi tana ƙarama in za ta yi kuka ta fasa.

"To in ta dawo daga tafiyar a gaishe ta. A ce mata ban yi fushi ba." Direba ya tayar da mota. Ta ɗaga murya kaɗan. "A ce mata zan rubuto."

Na ce, "Za ta ji."

Motar ta fita. Na tsaya har masu tasha suka fara tambayata ko wani abu na yar.

Bayan shekara biyu dattijon ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da injin. Bazabarma ta koma ƙasarsu, malama ta bi mijinta Takoradi. Littattafan suka ƙare a hannun masu ƙosai, yadda muka yi tsoro tun farko, sai dai ba sunan kowa a kai. An rufe akwatin gidan waya. Na ɗauka shi ke nan.

Sai ga wani direba ya yi sallama a ƙofar gidanmu da ambulan, yana tambaya wai nan ne gidan Kaka Mai Tabarma, an ce masa bayan gota, ɗaki na uku. Mai koko ta amsa masa daga bakin murhu: "Nan ne. Ga tsohuwan can yana tsince shinkafa."

Babu malama da za ta kwafe min, don haka da hannuna na amsa, da layina mai hawa dutse. Ban sa wani suna a ƙasa ba sai na Kaka. Ita ma yarinyar nan ba ta taɓa canza "Zuwa ga Kaka" a kan wasiƙarta ba, har ta yi aure a can, har ta haifi nata. Mun haɗu bayan haka ba sau ɗaya ba, a suna da biki da ta'aziyya. Ta durƙusa ta ce Yaya ina wuni, in ce lafiya. Sauran maganar sai ta koma gida ta rubuto.

Wani lokaci ina zaune sai tashar nan ta dawo min, da warin gishiri da man mota, da ita a sunkuye tana kallon gefen mayafina. Kalma uku ce. Na iya rubuta su tun shekarar farko a aji. In na ji ƙarar babbar mota ta tsaya a bakin titi har yanzu nakan ajiye abin da ke hannuna in saurara ko za a yi sallama.